Tampol a Kan Sola

An sallame su fa! Wallahi da idona na ga yaron, yana ta tsotson hannu kamar ba shi ne ya leƙa lahira ya dawo ba. Yaron Auta nake nufi, ƙanwar maigidana, matar tela.

Bakwaini ta haifa, ɗan mitsitsi, tafin ƙafarsa bai fi babban yatsanta ba. Aka sa shi a kwalba, akwatin gilashin nan mai ɗumama jarirai, da robar iska a hanci. A kwalbar kusa da shi kuma 'yar wata mai kitso ce. Benci ɗaya uwayen suke zama, har sun saba, mai kitso tana cewa, "Surukata, ki fara tanadi, 'yata ba ta arha ba ce."

Asibitin da wutar sola yake aiki. Wani kamfanin masu zuba jari ne ya sa aka shimfiɗa farantan a rufi, aka kuma ce manyansa za su zo su ga yadda ake kula da kayansu, in sun gamsu su ƙaro wasu. Manajan asibitin ya sa aka wanke farantan fes. To ga tantabaru, da an wanke sai su ɓata. Shi ne ya ce a lulluɓe su da tampol har baƙi su iso, yadda yake lulluɓe motarsa. Ya kulle tsani a sito, ya jefa makulli a aljihu.

Ranar zuwan baƙi, da hantsi, Auta ta ji wani abu yana ƙara a ɗakin batir. Kafin ta tambaya, fanka ta tsaya, fitilun kwalaben suka mutu, injin iska ya yi tsit.

"Sista, me ya faru?"

"Batir ya ƙare, ƙanwata. Na ce wa manaja farantin da bai ga rana ba ba ya ba da wuta, ya ce in tsaya a allurata."

"Ina yake?"

"Ya tafi taryen baƙi."

Sista ta ciro yaron ta manna wa Auta a ƙirji, ta rufe su da zani. Ta ciro ta mai kitso ma, tana matsa mata iska da 'yar robar hannu. Robar guda ɗaya ce, sai ta matsa wa wannan ta koma wancan. Auta tana jin yaronta yana sanyi a jikinta, leɓensa ya fara baƙi. Ta leƙa taga ta hango mijinta a tsakar asibiti, riƙe da kwanon abinci.

"Baban jariri! Rufi! Cire tampol!"

"An ce kada a taɓa kayan kamfani."

"Kamfanin ne ya haifa maka shi? Hau!"

Mutumin da ko kujera ya taka sai jiri ya ɗebe shi, ya yar da kwano, ya bi ƙarafan tankin ruwa ya haye. Kwanon rufi ya yanke masa hannu, bai ma sani ba. Da almakashinsa ya datse igiyoyin, ya yaye tampol. Amma wutar ba ta dawo nan take ba. Aka jira, aka jira, sannan injin ya yi tari ya tashi.

Yaron Auta ya motsa. 'Yar mai kitso kuwa, Sista ta daɗe tana matsa robar, daga baya ta ajiye, ta ja zani ta rufe mata fuska. Uwar ko kuka ba ta yi ba. Ta dubi Auta ta ce, "Surukata, an fasa."

Can sai ga motocin baƙi. Suka ɗaga kai suka ga farantai suna ƙyalli, suka yi ta ɗaukar hoto, wani mai kwat har da dafa kafaɗar manaja. Ta ƙofar baya aka fitar da mai kitso da 'yar ƙunshinta, don kada baƙi su gani. Auta tana kallo ta taga, ta ƙanƙame nata.

Ga shi yau yana gida, alhamdu lillahi, har nono yake ja da ƙarfi! Don Allah duk wadda ta ji wannan ta gaya wa ta kusa da ita. In kika shiga asibiti da jariri, ki ɗaga kai ki dubi rufi tukuna.