Kwanciyar da Malam Gamaliel Ya Ƙi Fassarawa

Malam Gamaliel ya dawo daga Indiya da ɗinki a ƙirji da wani ɗan littafi da ya cika da rubutun hannunsa. Aikin zuciya aka yi masa, matarsa Lea ce kuma ta yi jinyarsa a can har wata biyu.

Kafin a sallame su, wata ma'aikaciyar asibitin ta koya masa yoga, wato motsa jiki da sarrafa numfashi irin na mutanen can, ta ce ya riƙa yi kullum da safe. Da wani ne, da ya koyi motsin ya yi gaba abinsa. Ban da Malam. Mutumin da ya shekara talatin yana hedimasta ba ya barin kalma ta wuce bai juya ta ciki da bai ba. Ya tsare baiwar Allah da tambaya har sai da ya rubuta sunan kowane motsi a Sanskirit, tsohon harshen littattafan addinin Hindu, da ma'anarsa a gefe.

Da suka dawo gidansu na Sabon Gari, Lea ta zama 'yar aji, ko ta so ko ta ƙi. Tana feren doya, yana karantarwa.

"Maman Keziya, wannan shi ne pranayama. Prana numfashi ne, amma a wurinsu ya wuce iska, rai ne kansa. Asana kuma yadda mutum ya ajiye jikinsa. Ahimsa, kada ka cuci kowa, har da naka jikin."

"To," in ji ta. "Ka dai sha maganinka."

Abin bai dame ta ba. Ta ma tambayi fasto, ya ce muddin ba sujada yake yi wa wani abu ba, ya ci gaba. Motsin ƙarshe ne kawai ya tsaya mata a rai. In ya gama sauran, sai ya miƙe a tabarma rigingine, ƙafafu a sake, tafin hannu sama, ido a rufe. Minti goma cur ko yatsa ba ya motsawa. 'Yan acaɓa su yi ta danna ham a bakin titi, shi ko gezau. Kuma wannan kaɗai ne bai taɓa fassara mata ba, shi da in ka ba shi fuska har "ina kwana" sai ya fassara maka.

Ranar Asabar 'yarsu Keziya, wadda ke aikin nas a Abuja, ta zo gaishe su. Lea ta ja ta madafa, ta buɗe littafin, ta ɗora yatsa a layin da babu komai a gefensa.

"Duba mini wannan a wayarki."

Keziya ta duba, ta kife wayar.

"Ke nake saurare."

"Shavasana ne, Mama. Shava gawa ke nan. Kwanciyar gawa."

Tsoro ne ya fara kama Lea, tsoro na gaske, sai fushi ya biyo baya. Ita ce ta ga lokacin da aka turo shi daga ɗakin tiyata, kwance haka sak, ta kira sunansa sau uku bai amsa ba. Ashe abin da ta yi ta roƙon Allah ya kawar mata, shi ne mutumin nan yake gwadawa kowace safiya a tsakar ɗakinta.

Washegari kafin su tafi coci ya shimfiɗa tabarmarsa. Ta zo ta tsaya a kai da ƙafa biyu.

"Na ji sunan kwanciyar nan. Ba a gidan nan ba, Baban Keziya. Ina raye ba za ka riƙa koyon mutuwa a gabana ba."

Ya sauke ajiyar zuciya. "Abin da na guda ke nan, shi ya sa na yi shiru. Ba mutuwa ake kira ba, saki ake koyo. Suna ce masa vairagya, mutum ya sassauta riƙon da ya yi wa duniya." Ya dafa ɗinkin ta saman riga. "Tun da aka buɗe nan, ko abinci nake ci kunnena na kan zuciyar, ina jiran ta tsaya. Minti goman nan ne kaɗai ba na jin tsoro."

Shekara talatin da huɗu suna tare, ba ta taɓa jin ya ce yana tsoron wani abu ba. Tausayinsa ya kama ta. In ta hana, ta ƙwace masa ɗan hutun da ya rage masa. In ta bari, kullum sai ta sake ganin ranar tiyata.

"Abubuwan da kake sakin nan," ta ce, "har da ni?"

Malam mai amsar kowace tambaya ya ɗago ido ya dube ta.

"Har da ke. Na minti goma."

Ta sauka daga tabarmar. Ya kwanta a hankali, ya buɗe tafin hannuwansa. Lea ta tattare zanen cocinta ta zauna a ƙasa kusa da shi, ta kama wuyan hannunsa, ta ɗora yatsu biyu daidai inda jijiya ke bugawa.

"Ai ba a taɓa mutum in yana wannan," ya ce.

"Rufe idonka. Kai aka koya wa saki. Ni ba a koya mini ba, ba kuma zan koya ba."