Hannun Marigayi

Layin farko da Malam Harouna ya ja, a kan allon gilashin da ke bisa cinyarsa, bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. Amma da ya leƙa ta tsagar ƙofar mota sai ya hango shi a jikin wani tsohon sito mai hawa bakwai, fari fat, yana hawa bango kamar macijin da ya jiyo kukan 'yan tsaki. Jama'ar da suka cika filin bakin kogin suka yi ajiyar zuciya a tare. Ya karkata alƙalamin, layin ya karkata. Ya lanƙwaso shi ya cusa ta ƙarƙashin kansa, sai ga ƙafar dagi ta fara fitowa.

"Bismillahi," ya faɗa, ko da yake ya riga ya faɗa sau uku.

Watan Oktoba ne na shekarar 2016, ana bikin fitilu a Brooklyn. Da an yi magariba akan rage hasken titi, a sakar wa masu zane bangayen gine-gine, kowa ya yi nasa a kan allo, majigi yana ɗauka nan take yana watsawa a bango mutane suna kallo. Malam Harouna yana zaune a bayan wata motar kaya, tsakanin akwatuna da tarin wayoyi, sanye da farar shaddar da bai taɓa sawa ba sai ranar idi. A wuyansa akwai katin shiga da aka rubuta wa direba, shi da bai taɓa riƙe sitiyari ba.

"Kawu, nan ya fi ɗumi, kuma babu hayaniya," in ji Alkasim, ɗan ƙanwarsa, lokacin da yake zaunar da shi. "Ni zan tsaya a dandamali in riƙe musu hankali. Da ka gama zan kira sunanka ka hito."

* * *

A Damagaram, a unguwar Birni, gidansu Harouna gidan magina ne. Kakansa ya yi wa attajirai zayyana a fuskar zaure, ubansa ya gada, shi ma tun bai kai kaciya ba yake kwaɓa makuba, garin ɓawon ɗorawa na yaɓe, yana miƙawa. Ya iya fitar da dagi da yatsa a jikin ɗanyen yaɓe ba tare da ya auna ba. Sai siminti ya zo, fenti ya biyo baya, masu kuɗi suka koma son bango sumul kamar goshin jariri. A shekarar 1999 ya samu bizar wata uku, ya ce wa matarsa Iyatu kafin damina ta biyu zai dawo. Bizar ta mutu, shi ya zauna.

Shekara goma sha bakwai ke nan yana kafa tebur a titi na 125 a Harlem. Da sanyi huluna da safar hannu, da zafi tabarau. Ya aurar da 'ya'ya mata biyu ta wayar tarho, ya yi wa mahaifiyarsa salla daga nesa. Duk sanda ya ga motar 'yan sanda ta rage gudu, sai ya sunkuyar da kai, don ko da yake lasisin teburin yana nan, na wani ne da yake haya. Idan kasuwa ta yi sanyi yakan yage murfin kwali ya yi ta zane da biro, ba don kowa ba, don dai kada hannu ya manta.

Da ƙanwarsa Salamatou ta bugo ta ce ɗanta Alkasim ya samu makaranta a New York, Harouna ne ya je tarbarsa. Ya kai shi ɗakinsa na Morrisania, ya ba shi gado, shi ya koma kan darduma har shekara biyu. Yaron yana da kai. Ya karanci aikin hoto da kwamfuta, ya auri wata 'yar ƙasa, takardunsa suka fito, ya koma Brooklyn. Daga nan gaisuwa ta koma ta waya, wayar ma ta koma ta salla zuwa salla.

Sai ga shi wata ranar Lahadi da rani, da ledar lemo a hannu. Ya jawo kwalayen da ke ƙarƙashin gado yana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, idonsa yana ƙyalli.

"Kawu, ka san abin da kake kwance a kansa kuwa? Turawan nan in suka ga wannan, wallahi haukacewa za su yi."

"Kwali ne fa, Alkasim."

"Ba kwali ba ne, papiye ne, takardun zama. Na yi magana da wani aboka, wato lauya, ya ce in sunanka ya hito a jarida, aka shaida kai gwani ne da babu irinka, akwai hanyar da za a bi a nema maka takardu. Ka tahi gida ka ga Inna Iyatu, ka dawo, babu mai tare ka."

Ranar Harouna ya kasa cin tuwo. Wata uku suka yi, kowace Lahadi Alkasim yana zuwa da allon gilashi da alƙalaminsa marar tawada. Da farko hannun tsohon yana zamewa, don ya saba da abin da ke turjiya, laka ko kwali. A hankali ya gane kan abin. Ya koyi inda ake taɓawa launi ya sauya, ya ce a nemo masa jan makuba da shuɗin baba, Alkasim ya yi ta gwadawa har aka dace. Ya faɗa wa Iyatu a waya, ta ce za ta sa a gyara rufin ɗakinsa da ke yoyo.

* * *

Yanzu dagin ya cika, ya mamaye hawa uku na tsakiya. Harouna ya zagaye shi da igiya mai tufka biyu, ya ɗora zankwaye a saman ginin, ya mai da tagogin sito ƙofofin soro. Sanyi ya daina damunsa. Ginin Turawa ya tashi daga sito ya koma zauren kakansa, har yana jin kamar ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa a hancinsa. Yara a kafaɗun iyayensu suna nuni, wayoyi sun yi sama kamar an shuka su.

Ya ɗan ƙara tura ƙofar don ya ga jama'a, a nan idonsa ya sauka a kan dandamali. Alkasim yana tsaye a bayan wani tebur mai gangare, cikin rigar saƙi da hula, abin da Harouna bai taɓa ganinsa da shi ba. A gabansa akwai allo irin nasa, a hannunsa alƙalami. Duk inda Harouna ya ja layi, hannun Alkasim yana bi, yana sunkuyawa, yana ɗaga gira kamar mai tunani.

Ya ba zuciyarsa haƙuri. Riƙe musu hankali yake yi, ai ya faɗa.

Wata Baturiya mai jan gyale, wadda ke gabatar da masu zane, ta matso da makirufo. Ta kira sunan Alkasim, aka yi tafi. Ta yi masa tambaya, ya amsa hannunsa bai tsaya ba. Turancin Harouna na bakin titi ne, na farashi da launi da ba da haƙuri, amma ya tsinci Zinder, sunan da Turawa suke kiran Damagaram, ya tsinci kalmar kawu, har ya ji sunansa, Harouna, ya fito ta lasifika ya daki bango ya dawo. Ya gyara wuyan rigarsa, ya fara neman takalmi da ƙafa.

Sai Alkasim ya sunkuyar da kai, ya sassauta murya.

"He passed away."

Wannan kam Harouna ya san shi sarai. Bara da maƙwabcin teburinsa Mahamudu ya rasu, masu sayayya suka yi ta tambaya ina yake, Adwoa, 'yar Gana mai sayar da man kaɗanya a gefensu, ita ta koya masa kalmomin nan uku don ya riƙa ba su amsa. Ya faɗe su ya fi sau hamsin.

Filin ya yi tsit. Baturiyar ta dafa kafaɗar Alkasim. Ya ci gaba da magana, yana nuna bango, yana nuna ƙirjinsa, kuma ko ba a fassara ba Harouna ya gane: kawun ya mutu a can ƙauyen Afirka, ya bar wa yaro gado, yaro ne ya ceto abin daga kabari ya kawo musu.

Alƙalamin ya tsaya a hannunsa. A bango, wani jan layi da ya taso zai rufe bakan ƙofa ya tsaya a tsakiyar hanya.

Hannun Alkasim ya ƙara tafiya kaɗan shi kaɗai, sannan ya ankara. Ya yi murmushi, ya girgiza alƙalaminsa kamar mai ɗora wa na'ura laifi. Daƙiƙa goma, ashirin. Aka fara ƙus-ƙus. Harouna ya kalli allon. Abin da zai yi a fili yake: ya rubuta sunansa da manyan baƙaƙe a hawa na bakwai, ya buɗe ƙofa ya fito da allon a hannu. Har ya ɗora bakin alƙalamin.

Alkasim ya karɓi makirufo. Ya ce wa jama'a wani abu da Turanci, sannan ya lumshe ido, ya ɗaga hannu ɗaya sama, ya ja murya da Hausa kamar mai waƙar bege:

"Kawu, ci gaba da zane. Ga 'yan sanda huɗu nan bayan motarka. In abin nan ya ɓaci za a tambayi wane ne a ciki, kai kuma ba ka da ko takardar tsire. Ka ci gaba, Kawu, kar ka ja wa kanka."

Ya buɗe ido. Tafi ya ɓarke kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano. Wata tsohuwa a sahun gaba tana share hawaye, ta ɗauka addu'a ce aka yi wa mamaci.

Harouna ya waiga ta ƙaramar tagar baya. Suna nan kuwa, su huɗu, sun jingina da shingen ƙarfe suna shan kofi, ɗaya ma yana ɗaukar bangon a waya. Babu wanda ya kalli motar. Amma shekara goma sha bakwai na sunkuyar da kai ba a warware su a daƙiƙa ɗaya. Ya goge ɗigon da ya fara, ya koma kan jan layin, ya rufe bakan.

Ya ƙarasa zanen tsaf, bai rage komai ba. Hannun bai san fushi ba, abin da aka koya masa kawai ya sani.

* * *

Da aka kashe majigi, Alkasim ya shigo motar ya jawo ƙofa, yana haki, fuskarsa tana sheƙi.

"Kawu, ka ga yadda suka yi? An gayyace mu wasu garuruwa biyu!"

"Yaushe na mutu, Alkasim?"

"Haba Kawu, magana ce kawai ta talla. In na ce kana raye za su ce sai sun gan ka, su nemi ID, su nemi lambar aiki. Kare ka na yi."

"Lauyan da ka ce fa? Mai takardu?"

Alkasim ya shiga naɗe waya a gwiwar hannu. "Wannan sai a hankali. Ka san ƙasar nan."

"Akwai shi, ko babu?"

Alkasim ya ci gaba da naɗe wayar. Harouna ya dube shi, ya ga hancin Salamatou, ya ga tabon ciwon da yaron ya ji a goshi yana rarrafe a tsakar gidansu. Ya cire katin direban ya ajiye a kan allon, ya sauka. Jama'a suna ta tururuwa wajen dandamali neman hoto da mai zane, ya ratsa ta cikinsu, wani ma ya ce masa rigarsa ta yi kyau.

* * *

Ranar Talata da safe yana jera huluna, Adwoa tana ta satar kallonsa. Ta ga hoton bikin a waya tun jiya, ta kuma san kwalayen, don ita take tara masa su.

"Baba Harouna, ka kai ƙara wajen shugabannin masallacinku mana. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi?"

"In kai ƙarar ɗan Salamatou? In ce musu me? Kowa a masallacin nan akwai wanda ya riƙe masa wuya, Adwoa. Wani lasisi, wani ɗaki, wani suna."

Wayarsa ta yi ƙara. Lambar gida ce. Da ya ɗauka bai ji sallama ba, sai numfashi da shessheƙa, a bayansu kuma hayaniyar mutane da yawa.

"Wa ke magana?" Muryar Iyatu ce, tana rawa.

"Ni ne mana. Lafiya?"

Ta saki salati, ta sake saki. Da ƙyar ya tattara zancen. Hoton bikin ya isa Damagaram, yana yawo a wayoyi. Wani malamin makaranta mai jin Turanci ya fassara wa mutane abin da Alkasim ya faɗa. Tun asuba gida ya cika, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar zaure, Salamatou ta faɗi sau biyu, liman yana waje ya fara addu'a. Ta yi ta kira layi bai shiga ba sai yanzu.

"Malam, bari in fita in gaya musu. Bari in kai wa liman wayar ya ji muryarka."

Harouna ya saurara. Ta cikin wayar, daga nesa, yana jiyo muryoyin maza suna amsa amin, har ya gane ta wani abokinsa da suka yi yaɓe tare suna samari. Ana roƙa masa sassauci a kabari, ana roƙon Allah ya sa baƙunta ta ƙare.

"Dakata, Iyatu," ya ce. "Bar su su kai ƙarshe tukuna."

Ya tsaya a bakin titi da waya a kunne, bas ta wuce ta watsa masa iska mai sanyi. Da suka shafa, shi ma ya ɗaga hannu ɗaya ya shafa.