Askar Kwamfutar Rosaline

Shekarar da soja suka ce a rage ma'aikata, ni ke tuƙa motar wani ofishin aikin gona a Makarfi. Ni na ɗauko Iliyasu, injiniyan da aka turo daga Kaduna, da wani akwati mai fitilu a cinyarsa. Rauta yake kiransa. Duk wayoyin kwamfutocin ofis a jikin akwatin aka soke, shi ke tura aiki hedikwata.

Matsalar wata kwamfuta ce a sito, wadda ke ta aika saƙon neman hanya ba tsayawa, har layi ya cushe.

"A kashe ta mana," na ce.

"Baba direba, ai ba akuya ba ce da za a yanka," in ji Iliyasu yana dariya. "Kowace kwamfuta da lambarta, kamar aska a fuska. Zan ce wa akwatin nan ya dubi farkon lambar kawai, askar gidansu. Mai irin wannan aska, kada ta wuce."

Ya danna abin da zai danna, layi ya buɗe. Na mayar da shi Kaduna.

Rosaline ce mai buga takardunmu, 'yar Saulawa. Mijinta ya rasu, aikin nan ke riƙe da 'ya'yanta. Kwamfutarta da ta sito tare aka sayo su, askarsu ɗaya. Ba wanda ya tuna. Kullum tana bugawa tana aikawa, akwatin yana tarewa shiru.

Da hedikwata ta tashi sallama, suka ce teburinta ba ya aiko komai.

"Ranka ya daɗe, kana gani da idonka ina aiki," ta ce wa manaja.

"Ina gani, Madam. Su ne ba sa gani."

Bayan an sallame ta Iliyasu ya dawo duba layi. Ya daɗe yana kallon allo.

"Kai! Na haɗa da 'yar'uwarta," ya ce.

Ya gyara nan take, ya buga waya Kaduna ya yi bayani. Suka ce an rufe maganar, umarni ne daga sama.

Ni na kai ta Saulawa da kayanta: katifa, tukwane, buhun masara. A hanya na gaya mata abin da aka gano.

"Yanzu tana aikawa?" ta ce.

"Tana aikawa."

"To."

Ta gyara wa ƙaramin ɗanta zama a cinyarta. Muka wuce Ikara.