Mafarkin da Mukarrama Take Jira

Gefen takardar ne ya leƙo daga ƙarƙashin sallaya, har ya fara baƙi saboda yawan taɓawa. Na gane ta, don ni na bugo ta a shago a Ikara: takardar ɗaukar Mukarrama a makarantar koyon aikin jinya. Ranar Alhamis za a rufe rajista, ga shi yau Talata.

Mukarrama 'yar Gwaggo Lantana ce, ƙanwar mahaifina, shekarunta goma sha bakwai. Gwaggo ce ta aika in zo garinsu, Saulawa.

"Ke da kika yi jami'a ki yi mata magana, Ramla," in ji ta, tana ɓarar masara a tsakar gida. "Ubanta ya yarda, an yi ɗinki, an sayi akwati, ita kuma wai sai ta yi mafarki. Har da hantsi kwanciya take. Ni dai ban taɓa jin inda barci ya zama ibada ba."

Na iske Mukarrama a ɗaki tana duba waya.

"Anti, istihara na yi. Yau kwana tara ban ga komai ba."

"Me kike so ki gani?"

"Farin ruwa mana, ko koren fili. Kamar yadda Zulaihatu ta gani."

Zulaihatu ita ce yarinyar cikin wani labari da 'yan mata ke bi a waya, kullum shafi ɗaya, rubutun wata mai kiran kanta Maman Bilya. Saboda Zulaihatu Mukarrama ta fara azumin Litinin da Alhamis, ta haddace azkar na safe da yamma. A shafi na talatin da ɗaya Zulaihatu ta yi istihara kan wata tafiya, ta ƙi motsawa sai da mafarki ya zo mata.

Ni ce Maman Bilya, ba kuwa wanda ya sani. Ko gaida baƙi nauyi yake mini, amma rubutu ba ya ba ni kunya. Kuma tun ina Islamiyya na san istihara ba ta buƙatar mafarki: raka'a biyu, addu'a, sannan mutum ya kama abin da ke gabansa, in alheri ne Allah ya sauƙaƙa. Na sa mafarkin ne kawai don shafin ya yi daɗi.

Na yi mata wannan bayanin a hankali. Ta yi 'yar dariya.

"Anti, ke fa Turanci kika karanta. Maman Bilya matar malami ce, ba ta rubuta abu ba hujja."

"Wa ya ce miki matar malami ce?"

"Ai ana gani a rubutun."

 Sai na buɗe wayata na miƙa mata. Shafin gobe ne wanda bai fita ba, rabinsa ma ban gyara ba. Ta karanta, ta yi sama, ta yi ta yin sama har ta kai shafi na talatin da ɗaya.

"Mafarkin ni na ƙirƙira," na ce. "A mota na rubuta shi, tsakanin Makarfi da Ikara. Na san ba haka yake ba, na bar shi. Yau zan gyara, in ba kowa haƙuri."

"Azumin fa?" ta tambaya, idonta a kan wayar.

"Shi yana da asali. Azkar ɗin ma haka. Ki tambayi malaminku na Islamiyya."

Daga waje Gwaggo ta ɗaga murya: "Kun gama, ko in kawo muku matashi ku yi mafarkin tare?"

Mukarrama ta ajiye wayar kusa da ƙafata ba tare da ta dube ni ba. Ta ɗaga sallaya, ta zaro takardar, ta miƙar da ita a kan gwiwarta, ta sa a jaka. Ta zura hijabi, ta wuce Gwaggo a tsakar gida, ta nufi rumfar da babanta yake zama.