Ɗigo Takwas

Duk Gure babu wanda bai ji labarin Yahya ya dawo daga Kwatano da teku a cikin akwatin gilashi ba. Shekara tara ya yi yana kula da irin waɗannan akwatuna a wani otal, ya dawo da tari a ƙirji da wasu 'yan rassa kore da ruwan hoda, ya ce murjani ne, wai kuma dabba ce mai rai. Mutane suka yi ta zuwa kallo, suna fita suna ƙunshe dariya. A garin da ake jan guga kafin albasa ta sha, shi ga shi yana tace ruwa, yana auna masa gishirin teku, har da sola da fanka don kada dutse ya ji zafi!

Yabawa ce uwarsa. Ɗan fari ne, tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba, sai dai "wancan". Ranar da tarin ya tafi da shi ma idonta a bushe ta karɓi gaisuwa, har mata suna yaba haƙurinta. Amma ana gama sadakar arba'in ta naɗe tabarmarta ta koma ɗakin akwatin, inda ɗan famfo ke ta gurnani yana juya ruwa.

Matar marigayin, Nasira, malama ce a lakwal, makarantar boko, ita ke karanta kayen da ya bari da Faransanci, wato littafin da ya rubuta abin da ake sa wa ruwan. Aidin ɗigo biyu ranar Juma'a. Ruwan ƙarfe ɗigo ɗaya. Wani farin gari rabin ƙaramin cokali, a narka a zuba sannu sannu. Yabawa ba ta san baƙin boko ba, amma mai shekara talatin tana sayar da kanwa a kasuwa ai ba a koya mata awo. Ta riƙe gwajin safe: a ɗebi ruwan a 'yar kwalba, a ɗiga magani ya yi shuɗi, a yi ta ƙirgawa har ya juya rawaya. In ya juya a ɗigo na takwas, lafiya lau. Son da ta ɓoye shekara talatin da biyar, a nan take sauke shi kowace safiya.

Wata bakwai suna haka, sai farin garin ya ƙare. Wanda aka aiko daga Kwatano ya maƙale a Damagaram, Nasira ta shiga mota ta bi sawunsa.

"Inna, kwana uku ne. Kada ki sa komai, sai ruwan da aka tace in ya ragu."

"Je ki, 'yar nan. Allah ya kiyaye hanya."

Washegari ruwan ya juya a ɗigo na shida. Jibi ya juya a na biyar, koren reshen nan ya noƙe gashinsa, ga Nasira ta bugo ta ce kayan ba su iso ba tukuna. Hankalin Yabawa ya tashi. Ta tuna wata rana wancan ya ɗaga farin garin yana tsokanarta, ya ce, "Inna, wannan fa ɗan'uwan kanwarki ne, tufafin Turawa kawai ya sa." To, ita da ta sha tayar da ramammiyar akuya da kanwa, ta zauna tana kallo yunwa ta kashe abin da ɗanta ya bari?

Ta buɗe kwalla ta zaɓo kanwar da ba ta sayarwa, tatacciya daga kwarin Gamu. Ta daka, ta jiƙa. Ta ɗauki ƙaramin cokalin, ta dube shi, ta ga rowa ce tsagwaronta. Dabba mai ciwo ba a ba ta da ƙyashi. Ta cika tafin hannu biyu ta yi bisimilla ta juye.

Ruwan ya yi fari kamar an dama fura. Ta ce aiki yake yi. Da la'asar ruwan ya kwanta, sai ta ga naman rassan yana saɓulewa, yana bin famfo zare zare. Kafin Nasira ta sauka a tasha ranar Alhamis, babu kore babu hoda, sai farin ƙashi tsaye a cikin ruwa da wani ƙarni da ya cika ɗakin.

Nasira ta ajiye kwalin farin garin a bakin ƙofa. Ta ɗebi ruwa ta fara ɗigawa, Yabawa na ƙirgawa a bayanta. Takwas, shuɗi. Sha biyar, shuɗi. A ashirin da biyar ta rufe kwalbar.

"Zafi ne, Inna. Kwanan nan an yi zafi."

"Kada ki rufa mini, 'yar nan. Ni ce. Shi da ɗigo yake ba su, ni na ba su da hannu."

Ta durƙusa ta zare wayar famfon da kanta. Gurnanin da ke ɗakin tun ɗanta yana raye ya ɗauke ɗif. Ta sa hannu har gwiwa ta ciro farin reshen, ta goge shi da bakin zanenta, ta rungume. Baƙin cikin da ta danne tun rasuwarsa ya taso mata gaba ɗaya.

"Yahya," ta ce. "Yahya, ka yafe mini."

Nasira ba ta taɓa jin sunan a bakinta ba. Ta tashi ta saki labule don kada maƙwabta su ji, ta dawo ta zauna kusa da ita.