Tafin Hannun Malama Rahila

Sharaɗi ɗaya na kafa wa Malama Rahila ranar da ta fara zuwa gidana a Nassarawa: Turanci zalla. Na duba takardunta, na ga shekara uku ta yi a ƙasar Kambodiya. Wata ƙungiyar coci ce ta tura ta koya wa 'ya'yan mabiya addinin Buda Turanci, ana haɗa musu da labaran Littafin 'yan cocin. Na ce mata, "Ni ma shekara talatin da biyu na yi ina riƙe alli, na san yadda ake ɓoye ƙwayar magani a lomar tuwo. Jikata Turanci take nema, addini tana da shi."

Ta ce, "Hajiya, na bar wancan aikin." Bahaushiya ce 'yar wajen Tudun Wada, kuma Hausarta ta fi ta 'ya'yana da suka tashi a unguwar nan.

Jikar tawa Salwa shekararta bakwai. Ɗana Kabiru ne ya rasu ya bar ta. A gidan nan kowa shafa kanta yake yi. Ina shafawa, Jummai mai girki tana shafawa, baƙi ma da sun ji 'yar marigayi ce sai hannu ya tafi, kowa na neman ladan shafa kan maraya. Kitsonta ba ya yin mako bai tsufa ba.

Malama Rahila kaɗai ce ba ta taɓa shafawa ba. Aikinta kam ba makusa, cikin wata biyu yarinyar ta fara karanta littafi da kanta. Amma ina kallonsu ta taga in suna karatu a baranda bayan la'asar. Da Salwa ta matso sai malama ta ja jiki, ta tura hannuwanta ƙarƙashin tebur. Rannan sai Salwa ta tambaye ni, "Hajiya, kaina yana wari ne?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce lallai ƙyamar yarinyar take yi, kuma ni ba a ƙyamar jinina a cikin gidana. Washegari na kira ta falo da niyyar sallama.

Ta saurare ni har na gama faɗa, sannan ta ce, "Hajiya, ba ƙyama ba ce. A can ba a taɓa kan mutum, musamman yaro. Sun ce a nan kurwarsa take zama. Tun ranar da muka sauka aka ja mana kunne."

Ta ce akwai wani yaro a ajinta, sunansa Dara. Har tsokanarsa take yi, wai a garinmu dara wasan tsofaffi ne a gindin bishiya. Ba shi da uba, kakarsa ce ke riƙonsa, kuma shi ne na baya a aji. Wata bakwai yana fama, rannan sai ya miƙe ya karanta layi guda cur bai yi tuntuɓe ba.

"Ban san lokacin da hannuna ya tafi ba, Hajiya. Maraya ne, ya yi abin kirki. Na shafa kansa na ce, Allah ya yi maka albarka. Da Hausa ta fito min. Kakarsa tana tsaye a taga ta zo ɗaukarsa."

Kwana huɗu bayan haka zazzaɓi ya kama shi, irin wanda sauronsu ke kawowa. Bai yi mako ba ya mutu. Yaran ajin suka koma gida suna maimaita kalmar da suka ji, albarka, albarka, ba wanda ya san ma'anarta, aka ɗauka surkulle ne.

"Da tsohuwar ta zage ni da ya fi min sauƙi. Zuwa ta yi makaranta, ta kama hannuna, ta buɗe tafin a hankali tana dubawa. Ta ce wa mai yi mana fassara, in taimaka in mayar masa da abin da na ɗauka, kada ya ɓata a hanya. Roƙona take yi, Hajiya. Daga ranar, in na bi ta ƙauyen, yara sai su ɗora hannu biyu a ka su tsaya har in wuce. Aka rufe ajin, na dawo gida."

Na tausaya mata, amma ni malama ce, kuma ciwon malami shi ne ba ya ganin kuskure ya ƙyale. Na ce, "Ke da iliminki? Ajali ne ya zo. Da shafa kai yana kisa, da babu maraya ko ɗaya a Kano."

Ta ce, "Na sani. Fastonmu ma haka ya ce. Hannun ne bai yarda ba."

Na ƙwala wa Salwa kira. Na kama wuyan hannun malamar, ta turje, na ja da ƙarfi na ɗora shi a kan yarinyar. Hannun ya yi sanyi kamar an tsamo shi daga randa. Ta datse leɓɓanta kada wata kalma ta fito. Salwa kuwa sai murmushi take yi. Na ce, "To, ga shi nan. Me ya faru?" Har na ji daɗin kaina, wai na warkar da mutum.

Ranar Alhamis ke nan. Lahadi da safe Salwa ta tashi jikinta zafi rau. Damina ce, rabin yaran layinmu sun kwanta a watan nan, ban kawo komai a raina ba. Muka tafi asibiti, likita ya ce a kwantar da ita a ƙara mata ruwa. A cikin hidimar na manta ban kira malamar ba.

Litinin da la'asar ta zo kamar kullum. Ya'u maigadi ya tare ta a ƙofa ya ce, "Malama, yau ba karatu, yarinyar tana asibiti, zazzaɓi ne." Ya ce ba ta tambayi wane asibiti ba. Ta daɗe a tsaye, sannan ta juya ta miƙe titi a ƙasa, masu adaidaita suna yi mata hon ba ta ko waiwayo.

Ranar Laraba aka sallami Salwa, ta dawo gida tana neman taliya da manja. Na kira malamar in ba ta labari, wayar a kashe. Na tura Zubairu direba ɗakin da take haya a Gawuna, matar gidan ta ce tun Talata ta kwashe kayanta, ba ta faɗi inda ta nufa ba. Da kaina na je cocinsu, ni da ban taɓa taka ƙofar coci ba. Faston ya karɓe ni da mutunci, amma shi ma nemanta yake yi. 'Yan'uwanta a Tudun Wada sun ce ba ta je ba.

Na sa Salwa ta karanta shafi guda da ƙarfi, na naɗi muryarta, a ƙarshe ta ce, "Malama, na warke." Na tura mata a waya. Wata huɗu ke nan saƙon bai shiga ba.

An samo wa Salwa wata malamar, mai yawan dariya, har goya ta take yi. Ni ce ban samu sakat ba. A wani gari akwai matar da ta yi imani yara biyu ta kashe, na biyun kuma ni na ɗora mata hannu a kansa da ƙarfin tsiya. Kullum bayan la'asar sai na sake kiran lambar.