Durowar Da Aka Gyara

Tsaf-tsaf ake kiranta a asibitin, kuma ta ci sunanta. Ita ce sabuwar mai kula da ɗakin magani, mace ce da ko kujera ta gani a karkace sai ta tashi ta daidaita ta. Tun zuwanta abin da ya tsone mata ido shi ne keken magunguna na ɗakin gaggawa.

Sista Babba, shugabar nas-nas ɗin ɗakin, ita ta tsara keken, kuma bisa ga ciwo ta jera shi. Durowar sama ta wanda zuciyarsa ta tsaya ce, ta biyu ta wanda numfashi ya sarƙe wa, sai ta mai jijjiga, sai ta ƙasa ta wanda jikinsa ya yi bori da allura ko harbin ƙwaro. Saboda haka adiranalin, allurar nan mai tayar da zuciya da buɗe maƙogwaro, a durowa biyu take zaune, sama da ƙasa. Wannan fa ya hana Tsaf-tsaf sakat. Ita a makaranta dangi-dangi aka koya mata jera magani, gwargwadon yadda yake aiki a jiki: masu zaburar da jijiya wuri ɗaya, masu kwantar da ita wuri ɗaya. Magani ɗaya da gida biyu? A wajenta ƙazanta ce.

Ran nan da hantsi ta sami ɗakin ba kowa, ta zage ta juye durowoyin, ta mayar da kowane magani cikin danginsa. Ya kuwa yi kyau, sai ka rantse hoton littafi ne. Ta yi niyyar in Sista ta shigo ta gaya mata, sai aka kira ta ɗakin magani, ta manta da maganar.

Da rana tsaka aka shigo da wata mata ranga-ranga. Ƙudan zuma ne suka harbe ta, fuskar ta kumbura suntum, numfashi na fita da ƙyar. Mijinta, wani dattijon kafinta, yana biye ko takalmi babu. Tsaf-tsaf ta jiyo hayaniya ta leƙo.

"Adiranalin!" in ji Likita.

Sista ko duban keken ba ta yi ba, ta ja durowar ƙasa, hannunta ya tafi kusurwar da ya saba. Ya dawo da maganin jijjiga. Ta ja ta sama, nan ma babu. Matar nan leɓɓanta suka fara rinewa.

"Haba Sista! Keken naki ne ba ki san kansa ba?" Likita ya daka mata tsawa a gaban kowa.

Nan take Tsaf-tsaf ta gane aikinta ne. Ta kutsa, ta ja durowa ta biyu, ta miƙa 'yar kwalbar. Aka soka wa matar a cinya. Can sai ta ja wani dogon numfashi, ɗakin duka ya sauke ajiyar zuciya.

Daga nan kunyar ta fara. Likita ya ce wa Tsaf-tsaf, "Allah Ya kawo ki." Kafinta ya durƙusa mata har ƙasa yana cewa, "'Yata, kin ceto uwar 'ya'yana." Ita kuwa ji take kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta amsa da amin ƙasa-ƙasa.

Da yamma ta tarar da Sista a ɗakin canja kaya, zaune tana duban tafin hannunta.

"Ƙanwata, zauna," in ji Sista. "Tunda na fara aikin nan hannun nan bai taɓa cin amanata ba. Yau ko tuna lokacin da na sauya wa maganin wuri ba na yi. Haka mahaifiyarmu ta fara, da 'yan mantuwa. Gobe zan ce a ɗauke ni daga ɗakin, kafin in kashe wani."

Tsaf-tsaf ta ji kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba. Shiru ɗaya za ta yi, a ci gaba da sa mata albarka, wannan baiwar Allah kuma ta tafi gida da tsoron kanta.

"Yaya," ta ce, kanta a ƙasa, "kanki ƙalau yake. Ni na juye keken da hantsi, na jera su dangi-dangi, ban gaya wa kowa ba."

Sista ta ɗago ta dube ta. Idonta ya ciko, ta rufe fuska da hannu, ta ce, "Ashe lafiyata lau." Ta share ido, muryarta ta koma daidai. "Jerinki ba ƙarya ba ne, amma na ɗakinki ne. Yanzu tashi ki gaya wa Likita, a inda ya gaya min tawa."

Tsaf-tsaf ta fito. Likita na tsaye a bakin gadon matar, nas-nas kewaye da shi. Kafinta ne ya fara hango ta. Ya miƙe zumbur, ya taɓa kafaɗar matarsa.

"Buɗe ido ki gan ta," ya ce. "Ga 'yar albarkar da nake ba ki labari."